Ranar da Aka Zo Kashe Gafiya a Ɗakina

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Alhamis da na yi a Kafanchan ba, ko da yake Allah ya sani na yi iya ƙoƙarina in manta. A tsakiyar shekarun saba'in ne, ina da shekara talatin da huɗu, ina aikin duba-gari. Yaran yanzu ba su san duba-gari ba. Mu ne masu kaki da doguwar safa, masu shiga gidan mutum da gajeriyar sallama mu wuce kai tsaye wajen randa, mu zura ludayi mu ga ko 'ya'yan sauro na iyo a ciki, mu leƙa shadda, mu tona bola da sanda. In mata suka hango kekena ya shawo kwana, sai ka ji ana ta kifar da tukwane ana sharar tsakar gida da gudu. Ni kuwa, in faɗi gaskiya, wannan tsoron nawa da ake ji ya fi min albashin daɗi.

Gidan haya nake zaune can bayan layin dogo, ni kaɗai. Matata Hannatu tana Kagoma da yara da gonar doya, sai ƙarshen wata nake hawa mota in je in dubo su. Gidan irin mai ɗakuna a jere ne, rufin kwano ɗaya ya rufe su duka, ba silin, bangon da ke tsakanin ɗaki da ɗaki kuma bai kai sama ba. In maƙwabcinka ya yi tari, daga kan gadonka za ka ce masa sannu. Ɗakina ne a tsakiya. Ta hagu akwai Malam Bitrus, malamin firamare, mutum mai sanyin hali wanda barcinsa ba shi da nauyi. Ta dama kuma ba mai kwana, sito ne na Maman Saratu, wata gwauruwa 'yar garin Madakiya da mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya huɗu. Acca da gyaɗa take sayarwa a kasuwa, ita da yaranta kuma suna kwana can ƙetaren tsakar gida. Ba ta da gona, ba ta da mai kawo mata. Buhunan da ke cikin sito ɗin nan su ne cinsu, su ne suturarsu, su ne makarantar yaran. Duk da haka, da yake ta ga ba mace a ɗakina, kusan kullum sai ta zubo min faten acca a kwano ta kawo har ƙofa.

A lokacin ina shirin jarrabawar ƙarin girma. Wanda ya ci zai bar keke ya hau babur, a daina aikensa a koma shi ke aike. Na sa abin nan a raina har ya zame min ciwo. In na taso aiki sai in zauna kan littafi, don kada barci ya ɗauke ni kuma sai na kama goro. Da guda ɗaya na fara, kafin wata biyu aljihun kakina ya koma kamar faifan mai goro. Ga shayi baƙi ƙirin, kofi bayan kofi. Ga taba, wadda nake sha a ɓoye bayan shadda, don ina cikin mawaƙan coci, kuma dattawan ikilisiyarmu ba sa wasa da wannan. (Ka ga duba-gari tsugune bayan shadda yana kore hayaƙi da hula.) Abinci kuwa sai in na tuna. Cikina yakan yi zafi kamar an zuba barkono, in jiƙa kanwa in sha in ci gaba da karatu.

Sai jikina ya fara min wasu abubuwa. In na tashi da safe muƙamuƙina yakan yi tsami kamar wanda ya kwana yana taunar ganda. Kaina na sarawa ta gefe biyu. A kan harshena kuma ina jin wani gari-gari kamar yashi. Wata safiya ma ɗan ɓallin haƙori na tofar a hannuna. Na dube shi da kyau, na yi tunani irin na mai ilimi, na yanke hukunci cewa yashin acca ne ke cin haƙorana. Duk wanda ya san acca ya san sai an rairaye ta sosai kafin yashi ya fita. Abin da na ƙi tunawa shi ne, a duk kasuwar nan accar Maman Saratu aka sani da rashin yashi. Ban daina cin faten ba dai, na ci gaba da ci ina zarginta a zuci.

Wata safiya ina goge takalmi a ƙofar ɗaki Malam Bitrus ya fito, idanunsa jajur.

"Insfekta, kai ba ka jin abin nan ne?"

"Wane abu, Malam?"

"Ɓera mana. Ko gafiya ne ma, ban sani ba. Kullum sai ya fara, ƙurus, ƙurus, ƙurus, kamar ana gurza rogo a kan kwano. Sati uku ke nan ban yi barci mai kyau ba. Jiya na yi gyangyaɗi a aji har yara suna min dariya."

"Daga ina ƙarar take zuwa?"

"Daga wajen ɗakinka ne."

Na ajiye takalmin, na dube shi irin kallon da nake wa mutanen da ba su yi kwas ba. Na ce, "To, Malam, in ka wuce ɗakina me ke nan?" Ya ce siton Mama. Na ce ai magana ta ƙare, inda hatsi yake nan gafiya take. Ya tambaye ni ni ba ta hana ni barci ne, tunda ni na fi kusa? Na buga ƙirji na ce ni in na kwanta ko jirgin ƙasa ya bi ta kaina ban sani ba.

Na kawo tarko uku daga ofis, na ɗana da busasshen kifi. Kwana biyar abin da muka kama ƙadangare ne guda ɗaya, shi ma da alama tsautsayi ne ya kai shi. Na zuba magani a kusurwoyi, ba abin da ya taɓa shi. Ƙarar kuwa ba ta fasa ba. Da na dawo daga Kagoma a ƙarshen watan, Malam Bitrus ya tare ni da fara'a, ya yi ƙiba ma kamar ba shi ba.

"Insfekta, abin mamaki. Ranar da ka tafi gida gafiyan ma ya tafi hutu. Juma'a, Asabar, Lahadi, shiru kake ji. Na yi barci har na makara sujada."

Na san mai karatu ya riga ya gane. Kowa ma in na ba shi labarin nan a nan yake ganewa. Ni da Malam Bitrus ne kawai ba mu gane ba, mu biyu masu satifiket. Abin da na ce masa shi ne, a littafinmu an rubuta gafiya tana da wayo, in ta ji ɗakin kusa ya yi shiru takan zaci tarko ne ta laɓe. (Ba wani littafi da ya ce haka. A tsaye a wurin na ƙirƙira, kuma kafin in gama faɗa ni ma na yarda.) Washegari gafiya ta dawo aiki, Malam Bitrus ya koma jan ido.

Ranar wata Alhamis na sa cikakken kaki, har da hula, na yi taku uku daga ƙofata zuwa ƙofar sito, na ce a kira min mai wurin. Maman Saratu ta zo tana goge hannu a zani ta buɗe min. Zan faɗi abin da na gani tsakani da Allah. Buhunan a jere suke kan katako, katakon a kan duwatsu, ba wanda ya taɓa ƙasa ko bango. An share daɓen tas. Na haska tocila lungu-lungu ban ga kashin ɓera ko ƙwaya ɗaya ba, ban ga rami ba, ban ga buhun da aka huda ba. Da mai hankali ne da a nan ya tsaya ya sake tunani. Amma ni na riga na faɗa wa mutanen gida inda gafiya take, kuma ina son Oganmu ya ga rahoto mai zafi da sunana kafin jarrabawa. Sai na zaro takardar notis na cike ta, na shafa mata sitaci na manna a ƙofar.

Da Turanci takardar take, Malam Bitrus ne ya fassara mata. An ba ta kwana bakwai ta kawar da ɓera. In Oga ya zo ya tarar ba ta yi ba, za a ce kayan ba su cancanci ci ba, a fitar da su a ƙone, a kulle sito.

"Insfekta, ɗana, me na yi maka?" in ji ta. "Ka ga ɓeran da idonka ne?"

"Mama, aiki ne. Gwamnati ba ta san maƙwabtaka ba."

"To yaya zan kori abin da ban gani ba?"

Maimakon in yi shiru sai na ƙara da cewa ta riƙa kula da rairayar accarta ma, don yashi ya fasa min haƙori. Na lura wannan ya fi takardar yi mata ciwo. Ta dube ni, ta juya ta tafi.

Magana ba ta kwana a gidan haya. Kafin Asabar duk layin masu hatsi an ji cewa duba-gari ya manna wa Maman Saratu takarda, ɓera na fitsari a accarta. Masu saye suka riƙa wuce rumfarta kamar ba su san ta ba. Akwai wani ɗan kasuwa daga Kagarko da kan zo duk mako biyu ya ɗauki buhu-buhu a hannunta, shi ne babban mai sayenta. Ya zo, ya ji labari, ya saya a wajen wata. Ina ganin ta da yamma tana dawowa da daro a ka cike kamar yadda ta fita da shi. Ta fitar da buhunan nan sau biyu ita da yaranta, ta share, ta mayar. Kuma abin da har yau in na tuna nake jin nauyi a ƙirjina, ba ta daina kawo min fate ba, ni ma ban daina ci ba.

Alhamis ta zagayo. Oga ya ce zai zo da sha biyu, don haka na dawo gida tun sha ɗaya ina jiransa, kakina ya sha sitaci har yana ƙara. Sha biyu ta yi, ɗaya ta yi, ba Oga. (Ashe tayar babur ɗinsa ce ta yi faci a hanya.) Daren da ya gabata kuwa sai da zakara ya yi cara na rufe littafi. Maman Saratu ta kawo kwanon fate ta ajiye, ranar da zan sa a ƙone mata dukiya, ni kuma na cinye na suɗe cokali. Na tura ƙofa, na ce bari in ɗan miƙe bayana minti biyar, ko takalmi ban cire ba.

Abin da ya biyo baya ban gan shi ba. Malam Bitrus ne ya ba ni labari, kuma ya ba ni shi ya fi sau hamsin, ko na tambaya ko ban tambaya ba.

Wajen ƙarfe uku Oga ya iso. Gajeren mutum ne mai tumbi, ya daɗe a aikin nan tun ina makaranta, kuma yana alfahari da cewa da kunne kawai yake gane irin ɓeran da ke gida. Ya tambayi inda nake. Malam Bitrus, da dawowarsa ke nan daga makaranta, ya ga ƙofata a rufe ya ce ƙila na fita sayen goro. Suna tsaye a bakin sito, Maman Saratu na neman makulli, sai ƙarar ta fara. Malam Bitrus ya ɗaga yatsa.

"Oga, ka ji shi ko? Yau har da rana ya fito."

Oga ya cire hula, ya karkata kai, ya lumshe ido yana saurare. Can ya gyaɗa kai.

"Gafiya ne," in ji shi. "Namiji. Tsoho ne kuma, ka ji yadda haƙorin ya yi nauyi. Katako yake ci."

Maman Saratu ta ɗora hannu a ka ta fara kuka tana kiran sunan Ubangiji. Oga ya ce a fitar da buhunan. Mazan da ke gida suka cire riguna suka shiga ɗauka, matan maƙwabta suka cika tsakar gida suna kallo, wani ma ya je ya kawo karensa. Aka fitar da buhu na farko, kowa ya ɗaga sanda, ba komai. Na biyu, ba komai. Har aka kwashe sito kaf, aka ɗaga katakan, aka ture duwatsun. Ɗaki ya zama wayam, ko kyankyaso babu. Ƙarar kuwa tana nan, ta ma fi fitowa sosai tunda ba buhunan da za su tare ta.

Oga ya tsaya a tsakiyar sito yana juya kai. Ya matsa ya manna kunnensa a bango. Sai ya fito da sanɗa, ya ce cikin raɗa, "Ya tsallaka ɗakin Insfekta."

Nan aka shirya yaƙi. Oga na gaba da sandarsa, Malam Bitrus da fartanya, Maman Saratu ta share hawaye ta ɗauko muciya, don ita ta fi kowa son ganin bayan abin nan. Wata maƙwabciya ta zo da taɓarya. Aka tsayar da mutum ɗaya a bakin taga da buhu a buɗe, ko da za ta yi tsalle ta can. Oga ya tura ƙofata a hankali. Ɗakin da duhu-duhu, sun shigo daga rana, idonsu kuma duk a ƙasa yake. Oga ya durƙusa da tumbinsa ya zura kai ƙarƙashin gado. Bai ga komai ba sai akwatina da kwanon fate. A nan ya lura ƙarar a saman kansa take. Ya janyo kai a hankali ya ɗago, sai ga shi fuska da fuska da ni, ina kwance rigingine cikin kaki da takalmi, ido a rufe, muƙamuƙina na tafiya hagu da dama kamar akuya na tuƙa.

Malam Bitrus ya ce sun kai minti ɗaya suna tsaye suna kallona, ni kuwa ina ta aiki.

Ban san me ya tashe ni ba. Na dai buɗe ido na ga Oga durƙushe da sanda, na ga fartanya, na ga muciya, na ga taɓarya, ƙofa cike da kawuna. Nan take na gane an biyo gafiya ɗakina. Na yi wuf na miƙe tsaye a kan gado da takalmina, na manne da bango, na ƙwala ihu.

"Tana ina? Ku buge ta! Ku rufe ƙofa kada ta fita!"

Malam Bitrus ne ya fara. Ya saki fartanya, ya zame ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki. Daga nan abin ya bi ta ƙofa ya fita tsakar gida, har mai buhu a taga ya leƙo yana tambaya an kashe ne.

"Sauko," in ji Oga. "Mun same shi."

"Ina, Oga?"

"Buɗe bakinka."

Na sauko na buɗe. Ya ɗauki tocilata, wadda nake leƙa randunan mutane da ita, ya haska min baki. Ya daɗe yana dubawa, ya kira Malam Bitrus ma ya zo ya gani. Sannan ya ce ga katakon da ake ci nan, an kusa gamawa da shi.

Na ce, "Oga, ni ba na yin haka."

Mutum kusan ashirin suka amsa da baki ɗaya, "Kana yi!"

Daga baya-baya wata mata ta ce, "Ashe babba ma yana yin tsutsan ciki. Insfekta, ba kai ka ce mana yaron da ke taunar haƙori tsutsa ne da shi ba? A kawo maka magani?" Gaskiyarta, na faɗa musu haka a gidaje da yawa. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba kuma ban sake ji ba. Kunnuwana suka yi zafi, gumi ya jiƙa sitacin nan ya manne min a baya. Na nemi inda zan sa idona na rasa, ko'ina fuskar wanda na taɓa yi wa faɗa ce.

Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba. Maman Saratu na tsaye da muciyarta tana kallona. Da aka ɗan lafa ta ce, "Insfekta, gobe ka tafi asibiti. Baban Saratu haka ya yi ta yi, shekara biyu, muna masa dariya. Sai ranar da ya faɗi a gona, gefe ɗaya ya shanye. Da na ji ƙaran nan a kusa da na gane tun tuni." Ba wanda ya ƙara yin dariya bayan wannan.

Oga ya sallami jama'a, ya ce kada kowa ya taɓa buhu. Ni kaɗai na mayar da su sito, ɗaya bayan ɗaya, yana zaune a kujera a inuwa yana nuna min inda zan ajiye. Da na gama ya sa na ɓare takardar daga ƙofa da farcena. Ya ce in rubuta sabon rahoto da hannuna, in faɗi inda aka samu ƙarar ba ƙari ba ragi. Sannan ya ce takardar ta fi yin ɓarna a kasuwa, saboda haka a kasuwa zan gyara. Kwana uku zan tsaya gefen rumfar Mama cikin kaki in gaya wa duk mai wucewa gaskiya.

Da safe na fara zuwa ɗakin shan magani na mishan, wajen wani tsohon ma'aikaci da kowa ke kira Baba Dispensa. Labari ya riga ni isa, amma bai nuna ba. Ya duba bakina ya ce haƙorana na ciki sun daidaita sumul kamar na tsohuwar akuya. Ya naɗa min abin awon jini a hannu ya hura, ya duba, ya saki, ya sake hurawa. Ya ce jinina ya hau fiye da yadda ya kamata ga mai shekaruna. Sai tambayoyi. Goro nawa a rana? Shayi fa? Taba? (Na ce ba na sha. Ya kama yatsuna biyu ya juya su ya nuna min launinsu.) Ƙarfe nawa nake kwanciya, me ke damuna, cikina na zafi? Ya ce shi ba zai rantse cewa taunar haƙori ce ke kawo hawan jini ba, ko jinin ne ke kawo ta. Abin da ya sani shi ne yana yawan ganin su tare, a wajen direbobin jirgi da malamai da duk wanda ke kwanciya da damuwa da goro a baki. Ya ce maganar tsutsa in ajiye ta gefe. Ya ba ni ƙwayoyi, ya ce in bar taba, kada goro ko shayi su shiga bakina in rana ta karkata, in ci abinci a kan lokaci saboda gyambon ciki, in kwanta lokacin da mutane ke kwanciya, in kuma dawo duk wata a auna ni.

Da na je gida na ba Hannatu labari ina jiran ta yi mamaki, sai ta ce, "Ai tun bara ka fara kaɗan-kaɗan. Na ɗauka ka sani."

Tsayuwar kasuwa ce ta fi komai wuya. Na tsaya gefen daro, hannu a baya, ina cewa, "Accan nan ba ta da ɓera, ofis ya duba." Sai a tsaya a ce, to ƙarar da aka ji fa? In ce, "Ni ne." Wasu su ce in yi su ji. Wata tsohuwa ta ce in sunkuyo ta ga haƙoran, na sunkuya. Mutane suka riƙa zuwa daga layin nama da layin atamfa don su ga duba-garin, kuma da yake kunya ba ta barin mutum ya yi kallo ya tafi hannu wofi, da yawa sun sayi mudu ɗaya ko biyu. Kafin kwana ukun su cika yawancin masu sayenta sun dawo.

Mutumin Kagarko ne bai dawo ba. Na neme shi da kaina a tasha, na yi masa bayani tun daga farko. Ya yi dariya har da hawaye, sannan ya ce ya riga ya yi magana da waccan matar, ba zai saɓa mata ba. Shi ke nan babban ciniki ya tafi. Zangon karatun da ya biyo baya Saratu, babbar 'yarta, ba ta koma sakandare ba, sai da aka ci sabuwar shekara. Ina ganin yarinyar kullum a tsakar gida tana rairayar acca lokacin da ya kamata tana aji, kuma na san dalili. Jarrabawar da na yi duk wannan dominta ma na faɗi, sai a zama na biyu na ci.

Wata Lahadi bayan sujada na sa kayan gida, na je ƙofar Maman Saratu na durƙusa na ce ta yafe min. Ta ce in tashi, ta yafe tun ranar.

"Amma ɗana, ka gani ko?" in ji ta. "Manna takardan minti ɗaya ne ya ɗauke ka. Cire shi kuwa har yau ba mu gama ba."

Na ƙara shekara ashirin da wani abu a aikin nan. Ban sake manna wa kowa takarda ba sai na ga kashin ɓera da idona, na taɓa shi da sanda, na kira mai gida ya gani. Na bar taba, goro sai a biki, jinin ya sauka muddin ina shan magani. Haƙoran ne dai ba su tuba gaba ɗaya ba, in raina ya ɓaci da rana sukan tashi su yi ta aiki. Shi ya sa har gobe, in aka ce min wata ƙara na damun mutanen gida, kafin in nuna ɗakin kowa nakan fara tambaya ko ana jin ta lokacin da nake a farke.